Ta yaya ake samun 'yan fafutuka daga cikin masu zuwa tattakin gidauniyar ciwon daji?

Maman Ikilima ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa riƙe irin wannan aiki, don abin ya tsaya mini a rai.

Ina cikin kwamitin wata ƙaramar gidauniya da ke tallafa wa masu ciwon daji. Duk shekara muna shirya tattaki don tara gudummawa, kuma Alhamdulillahi jama'a na amsa kira. Da kuɗin muke biya wa marasa ƙarfi gwaje-gwaje, wani lokaci allurar kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji, zagaye ɗaya ko biyu, da kuɗin mota zuwa inda ake gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura. Sai dai duk wanda ya taɓa riƙe littafin kuɗinmu ya san kafin shekara ta raba asusun ya ƙare, masu jira kuwa suna nan yadda suke. Abubuwan da ke koro mutane wurinmu yawanci sun fi ƙarfin gudummawa. Na'urar gashi ta lalace a yi wata da watanni ba a gyara ba. Maganin rage raɗaɗi ya yanke a asibiti. Mace ba ta taɓa jin ana gwajin bakin mahaifa ba sai ranar da jini ya ƙi tsayawa. Duk waɗannan a hannun hukuma suke, cikin kasafin kuɗi da doka.

Shi ya sa kwamiti ya ɗora mini aikin samo 'yan sa kai daga cikin masu zuwa tattakin, waɗanda za su riƙa tuntuɓar wakilansu a majalisa, su sa hannu a takardar koke, su je zaman jin ra'ayin jama'a in an kira. Bara an kafa tebur kusa da ƙofar shiga, da takarda mai layi-layi da biro ɗaure da zare. Sunaye kam an samu, shafi bayan shafi. Da aka zo kira daga baya, wasu lambobin ba sa karantuwa, wasu ba sa shiga, waɗanda suka ɗauka kuma da yawa sun ce sun zaci rajistar tattaki ce suka yi.

Akwai wani bawan Allah da har yanzu nake tunawa. Ya zo da riga mai hoton matarsa a ƙirji, ya rubuta sunansa a tsanake, ya ajiye biro, ya tambayi yarinyar da ke teburin, "To yanzu me zan yi?" Ta ce masa za a neme shi. Ya tsaya jim, ya gyaɗa kai, ya wuce. Mutumin nan a shirye ya zo, mu kuma ba mu da abin da za mu miƙa masa.

Tambayata ke nan. A wane lokaci na taron ya dace a tunkari mutane? Me ake ce musu? Kuma, wannan shi ya fi damuna, shin ya dace ma a tare wanda ya zo tunawa da mamacinsa da zancen majalisa da kasafin kuɗi? Ni kaina ciwon nan ne ya ɗauke mini yayata, na san yadda zuciya take a irin wannan rana. Ba na son mu zama masu cin ribar hawayen mutane, ba na kuma son mu ci gaba da tara kuɗi kawai muna kallon mata na mutuwa da abin da ake iya karewa.

Tsohon Sakatare ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Maman Ikilima. Allah ya jiƙan yayarki, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Na daɗe ina wannan aiki kafin gwiwa ta zaunar da ni, bari in faɗi abin da na gani. Da farko ki kwantar da hankalinki, inda kika nufa daidai ne, kuma an riga ki bin hanyar. A 1985 wani likitan tiyata mai suna Gordy Klatt ya yi awa 24 yana zagaya filin tsere a garin Tacoma na Amurka, ya yi fiye da kilomita 130, ya tara wa ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta American Cancer Society dala 27,000. Daga nan aka samo taron Relay For Life da yanzu ake yi a ƙasashe da dama. Ita ƙungiyar da kanta ta gane cewa tara kuɗi bai isa ba, sai a 2001 ta kafa wani reshe na daban, ACS CAN, wanda aikinsa shi ne matsa wa masu yin doka lamba, kuma a wuraren wannan tattaki suke ɗibar mambobi da yawa. Dalili a fili yake. Ba za ki taɓa samun wurin da masu ruwa da tsaki a ciwon daji suka taru da ƙafarsu, ba tare da kin bi su gida-gida ba, kamar wannan rana.

Matsalar teburinku ita ce ba ku da buƙata. "Zo ka zama ɗan sa kai" ba buƙata ba ce, babu wanda ya san inda ta fara ko inda ta ƙare. A 1991 matan Amurka da suka kafa National Breast Cancer Coalition sun ce suna son wasiƙa 175,000 zuwa ga majalisa da shugaban ƙasa, wato gwargwadon adadin matan da ake hasashen za a gano suna da sankarar mama a shekarar. Wasiƙa wajen 600,000 suka samu. A shekarar da ta biyo baya majalisa ta ware dala miliyan 210 don binciken sankarar mama a ƙarƙashin ma'aikatar tsaro. Ki duba yadda abin yake: kowace mace ta san abin da ake so ta yi, wasiƙa ɗaya, ta san wanda za a kai wa, ta san dalilin adadin. Kafin ranar tattakinku, kwamiti ya zauna ya fitar da abu guda, wanda za a iya faɗa cikin numfashi ɗaya, mai sunan wanda ke da ikon yin sa da ranar da ake son a yi. Misali, kwamitin lafiya na majalisa ya sa kuɗin kula da na'urar gashi a kasafin baɗi. In ba ku da wannan, kada ma ku kafa teburin.

Sannan ku bar zaman tebur. Tebur na jiran mutane ne, mutane kuwa sun zo tafiya. A sami 'yan sa kai kaɗan masu sakin fuska su shiga cikin ayarin, su jera da mutum, su tambaye shi don wa ya zo. Tambayar ke nan, ba wata ba. Zai faɗa miki, kuma cikin abin da zai faɗa za ki ji inda hukuma ta gaza masa: an tura su gari mai nisa, an ce su dawo bayan wata uku, magani ya yanke. A nan ne za ki ce, "Abin nan da ya same ku shi muke son kai wa gaban majalisa wata mai zuwa, za ka sa hannu?" Ya sa hannu nan take a kan kati, ya rubuta jimla ɗaya da hannunsa in yana so. Da haka ya riga ya yi aikinsa na farko tun bai bar filin ba, bai tafi gida da alkawarin za a neme shi ba.

Katin ya zama da gurbin suna, lambar waya, da mazaɓa. Kada ki raina gurbin mazaɓa, shi ne mafi tsada a katin. Ɗan majalisa na iya share takarda mai sa hannun dubban baƙi, amma mutum goma daga mazaɓarsa da suka zo ofis da ƙafarsu sai ya ba su kujera. Lambar waya kuma ɗan sa kai ya maimaita wa mai ita da baki, ko ya kira ta a gabansa ya ji ta yi ƙara, wannan zai raba ku da lambobin da ba sa karantuwa.

Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Cikin makon nan za a kira kowa, kuma wanda ya yi hira da shi a fili shi zai kira, ya ambaci sunan wanda aka zo dominsa. Saƙon waya na bai-ɗaya da ake watsa wa kowa ba ya tayar da kowa. In aka bari wata ya wuce, mutum ya koma harkokinsa, rigar tattaki ta shiga ƙasan akwati.

Abu na ƙarshe, wanda na fi so ki riƙe. A kowane tattaki akwai matar da ta taho da abokan aikinta su ashirin, ko saurayin da ya tattaro 'yan ajinsu. Waɗannan su ne mutanenki. Sau da yawa ba su ne masu dogon jawabi ba, za ki gan su suna raba ruwa suna ƙirga 'yan ayarinsu. Wanda ya iya taro mutane zuwa tattaki zai iya taro su zuwa zauren majalisa. Sunayensu na cikin rajistarku tun kafin ranar, ki neme su tun yanzu, ki zauna da su ɗaya-ɗaya, ki ba kowa katunan ayarinsa. Gara ki tashi da irinsu biyar da ki tashi da shafi goma na sunaye.

Ma'ajin Ƙungiya ya rubuta:

Baba Sakatare, da girmamawa, akwai gefen da ba ka taɓo ba, kuma mu masu riƙe da asusu shi ke hana mu barci.

Masu ba gidauniya kuɗi daga kowace jam'iyya suke. Akwai ɗan kasuwar da ke tare da gwamnati mai ci, akwai ma'aikacin gwamnati da ba ya son a ga sunansa a takardar da ke sukar ma'aikatarsa. Ranar da aka ce gidauniyarku ta zama 'yar adawa, wasu za su janye hannu shiru ba tare da sun ce komai ba, kuma mara lafiyar da ke jiran kuɗin kemo ita za ta ji a jikinta. Misalin da ka kawo ma ai shaida ne a gare ni: abin da ya sa Amurkawan suka kafa reshe na daban shi ne dokar harajinsu ta taƙaita yadda ƙungiyar agaji za ta shiga harkar matsa wa majalisa. Kowace ƙasa da irin tata dokar. Hajiya, kafin ku buga kati ko ɗaya, ku karanta takardar rajistar gidauniyarku da tsarin mulkinta, ku nuna wa lauya.

In har za a yi, ga sharuɗɗana. Kuɗin da aka tara da sunan marasa lafiya kada a taɓa shi don buga takardun koke ko hayar mota zuwa majalisa, a nemi wannan daban, a rubuta shi daban. Kada a ɗebi lambobin waya daga rajistar masu ba da gudummawa a zuba cikin jerin 'yan fafutuka, wanda ya ba ki lambarsa don rasit bai ba ki don koke ba. A katin a rubuta ƙarara abin da za a yi da lambar, da yadda mutum zai fita in ya gaji. Sannan ɗan siyasa in ya zo tattaki ya yi tafiya kamar kowa. Da zarar an miƙa masa makirufo a shekarar zaɓe, taron ya zama nasa.

Maman Ikilima ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Baba. Maganar shugabannin ayari ta buɗe mini ido, don ina iya lissafo su da ka tun yanzu. Malam Ma'aji, gaskiyarka, ma'ajinmu ma kusan abin da ya faɗa ke nan a zaman da ya wuce, zan kai masa sharuɗɗan nan yadda ka jero su. Inda na maƙale yanzu shi ne zaɓen buƙata gudan. A kwamitinmu kowa da abin da ke ci masa rai, wannan na'urar gashi, wannan rigakafi, wannan harajin taba.

Sista Mai Ritaya ta rubuta:

'Yata, ni nas ce, a ɗakin masu ciwon daji na ƙare aikina. In kin ba ni dama in zaɓa muku, maganin rage raɗaɗi zan ce.

Zan gaya miki dalili. Na yi aikin dare da makullin akwatin magani rataye a wuyana, akwatin kuwa babu mofin, maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi, a ciki. Dattijo mai ciwo ya kai ƙashi yana riƙe da ƙarfen gado, ya daina kuka sai nishi, ɗansa na biye da ni har bakin ƙofa yana cewa, "Sista, ko rabin allura ne." Abin da nake da shi bai wuce maganin ciwon kai ba. Wanda ya yi jinyar mai ciwon daji a kwanakinsa na ƙarshe ya san wannan dare, ba sai an yi masa bayani ba. Rabin mutanen da ke zuwa tattakinku, in ba su fi ba, sun yi irin wannan jinya.

Kuma abu ne mai yiwuwa, shi ne muhimmi. Mofin na sha ba shi da tsada, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Duk da haka hukumar ta ce kashi 14 cikin ɗari kacal na masu buƙatar kulawar rage raɗaɗi ne ke samu a duniya. Abin da ke tare shi yawanci takarda ce: tsoron a karkatar da shi ya sa dokoki suka yi tsauri, likita kaɗai ke da ikon rubutawa, likitan kuma yana birni. Ki dubi Yuganda. Dokta Anne Merriman ta kafa Hospice Africa Uganda a 1993, suka riƙa haɗa mofin na ruwa daga gari a farashi mai sauƙi, suka yi ta bin hukuma, har a 2004 aka gyara doka aka ba nas-nas da suka sami horo na musamman damar rubuta shi. Ba sabon gini aka yi ba, ba na'ura aka sayo ba, layi kaɗan aka canza a doka, kuma mutanen karkara suka samu sauƙi. Sannan babu jam'iyyar da za ta miƙe ta ce tana goyon bayan a bar mutum ya mutu cikin azaba, don haka Malam Ma'aji ma zai samu barci.

In kwamitinku ya fi karkata ga rigakafi, shi ma ba laifi, akwai abin riƙewa. A Nuwamban 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin kawar da sankarar bakin mahaifa, da burin kafin 2030 a yi wa kashi 90 na 'yan mata rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke jawo wannan sankara, kafin su kai shekara 15, a gwada kashi 70 na mata a shekara 35 a sake a 45, a kuma yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da matsala magani. Ƙasashe sun amince da wannan, saboda haka abin da za ku tambayi wakilinku mai sauƙi ne: ina aka kwana, nawa aka ware? A 2022 kaɗai mata kusan 350,000 wannan ciwo ya kashe, ciwon da ke da rigakafi. Ruwanda ta fara yi wa 'yan matanta tun 2011. Sai dai ki sani zancen rigakafi na buƙatar 'yan sa kai masu haƙuri da sanin amsa, don za a tare su da jita-jita a fili, kuma wanda bai shirya ba zai iya ɓata fiye da yadda ya gyara.

Na'urar gashi kuwa ku ajiye ta sai kun yi ƙarfi. Kuɗinta mai yawa ne, tana buƙatar ƙwararru da wuta tsayayya da kwangilar gyara, ba a gama ta cikin shekara guda. Sababbin 'yan sa kai in suka yi shekara biyu ba su ga komai ya motsa ba, watsewa suke yi.

Mai Sauran Kwana ta rubuta:

Yaya Maman Ikilima, ni ina cikin waɗanda ake sa wa riga mai launi daban a jera mu a gaba. An cire mini nono ɗaya, na yi kemo, na yi gashi, ga ni Allah ya bar ni. Tambayarki ta uku nake son amsawa, wadda kika ce ta fi damunki.

Ya dace. Abin da bai dace ba shi ne a yi shi a lokacin da bai kamata ba. A irin waɗannan taruka akan ware wani lokaci a kira sunayen waɗanda suka rasu, a yi shiru ko a yi addu'a. Daga fara wannan har mutane su share fuska su dawo hayyacinsu, kada in ga kati a hannun kowa. Haka ma lokacin da mu masu ciwon muke zagayenmu. Da safe wurin rajista mutane na sauri, ba sa sauraro. Tsakiyar tafiya, ko bayan an kammala ana zaune ana hutawa, nan ne baki ke buɗewa.

Kada ki ɗauka wanda ke cikin baƙin ciki ba ya son a ba shi aiki. Da yawanmu fushi ne cike da cikinmu, ba mu da inda za mu kai shi. Mutumin nan mai hoton matarsa ai da bakinsa ya tambaya. Ni abin da ya jawo ni, wata baiwar Allah ce ta zauna kusa da ni ta ce, "A duk jinyar nan, me ya fi ba ki wahala wanda bai kamata ya ba ki ba?" Ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya, kowa sannu yake cewa. Na ce mata jiran sakamakon gwajin tsoka, makonni ina kwana ina tashi ban san matsayina ba, ƙullutun kuma na ƙara girma. Ta rubuta, ta ce ko zan yarda in faɗi haka a gaban waɗanda ke da iko. Na ce sai na yi shawara da maigidana. Ta ce babu gaggawa, kuma ba ta sake tayar da maganar ba sai da ni na kira ta.

Abin da nake roƙo, ku riƙe mu da mutunci. Labarina nawa ne. In na ba da shi a zauren majalisa, ban ba da izinin a sa hotona a Facebook ko a allon talla ba, sai an sake tambayata. Akwai matan da dangin mijinsu ma ba su san an yi musu aiki ba. Kuma kada a mayar da mutum ɗaya abin nunawa, duk taro a ce ta zo ta ba da labari, don duk faɗa sai ciwon ya dawo sabo. Wadda ke tsakiyar kemo kuma a ƙyale ta, ko ta ce za ta iya. Jikinta ba zai ɗauki zaman jiran ɗan majalisa na awa huɗu ba, garkuwar jikinta ma ba ta son cunkoso. Ku karɓi sa hannunta, ku ce Allah ya ba da lafiya, ku neme ta baɗi.

Baba Sakatare, ƙari ɗaya a kan maganarka. Ku sa ido a kan masu jinya, mazan da suka yi ta zirga-zirga da fayil, 'ya'yan da suka kwana a barandar asibiti. Sun fi mu sanin inda tsarin ya karye, don mu muna kwance, su ne suka bi layi, suka ji abin da aka ce a kowace taga.

Tsohon Sakatare ya rubuta:

Allah ya ƙara lafiya, 'yata, kin faɗi abin da ni ban isa in faɗa ba. Na karɓi gyaran.

Malam Ma'aji, ban ƙi sharuɗɗanka ba, ko ɗaya. Inda muka bambanta shi ne ina ganin shirun ma yana da farashi, sai dai ba ya fitowa a littafinka. Dokar hana shan taba a wuraren aiki da Ireland ta kafa a 2004, da kwalin taba marar ado da Ostireliya ta tilasta a 2012, ƙungiyoyin yaƙi da ciwon daji na cikin waɗanda suka tsaya a kansu, kuma ba su rushe ba. Abin da ke kare ƙungiya shi ne ta tsaya a kan batu, ta je wurin kowane wakili ko daga wace jam'iyya yake, ta gode wa wanda ya yi abin kirki a fili ko da ba a son jam'iyyarsa, kuma kada ta taɓa cewa a zaɓi wane.

Maman Ikilima, na manta abu ɗaya. Duk abin da ya biyo bayan katunan, ku koma ku gaya wa waɗanda suka sa hannu. An kai, wane ya karɓa, ga abin da ya ce. Ko an hana ku shiga, ku faɗa musu an hana. Mutane na jure rashin nasara, abin da ba sa jurewa shi ne su sa hannu su ji shiru.

Maman Ikilima ta rubuta:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Ƙanwata Mai Sauran Kwana, na karanta naki na sake karantawa, Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Tambayar da aka yi miki ita zan koya wa 'yan sa kanmu kafin komai.

Ga abin da zan kai wa kwamiti. Buƙata guda, maganin rage raɗaɗi, kamar yadda Sista ta ce, amma sai mun fara zama da masu harhaɗa magunguna da nas-nas mu gano ainihin inda yake maƙalewa, a doka ne, a sayowa ne, ko a rabawa, don kada mu je gaban majalisa da koken da ba nata ba. Zan nemi shugabannin ayari tun kafin ranar. Kuɗin buga kati mu 'yan kwamiti za mu haɗa daga aljihunmu, ba za a taɓa asusu ba, kuma lauya zai ga katin kafin a buga. Lokacin addu'a da zagayen masu ciwon babu kati.

Sista, in ba damuwa, ki rubuto mini tambayoyin da ya kamata in yi wa mai kula da ɗakin magani, don ban san ta inda zan fara ba, kuma ba na son ya ɗauka bincikensa na zo yi.

Sista Mai Ritaya ta rubuta:

Ba damuwa, 'yata. Ki fara da gaya masa cewa kin zo neman yadda za a sauƙaƙa masa aiki ne, don shi ma abin na damunsa. Ki tambaye shi yaushe rabon da mofin na sha ya shigo, daga ina ake aiko shi, takarda nawa yake cikawa kafin a ba shi, wa ke da ikon rubuta wa mara lafiya, kuma in an sallami mutum gida ta yaya yake samun ƙari. Ki tambaya ko ya taɓa lalacewa a akwati saboda ba a rubuta ba, don wani wurin maganin na nan, likitoci ne ke tsoron rubutawa, kuma in haka ne horo za ku nema ba doka ba. Kada ki rubuta sunansa a ko'ina, kuma ki fara neman izinin shugaban asibitin kafin ki shiga. Sauran zan turo miki ta saƙo in na duba tsofaffin takarduna.